Ginshiƙin Makoki a Bayan Katanga

Magí Rofes ya tura ƙofar ajin ƙarshe na benen sama, ya sake tarar da abin da ya tarar a azuzuwan baya. Kujeru a wofi nan da can kamar bakin da aka cire wa haƙora, jakunkuna a rataye, masu su kuwa ko sama ko ƙasa. Malama Pujals, mai koyar da lissafi, ta juyo daga allo da alli a hannu.

"Ban-ɗaki suka ce za su," in ji ta. "Ɗaya bayan ɗaya. Ban ankara ba sai na ga kusan rabin ajin ciki ya ɓaci musu a lokaci guda."

"'Yan shuɗi ne ko 'yan rawaya?"

"Duka biyun."

Gaban Magí ya faɗi. A garin nan ƙungiyoyin masu gina hasumiyar mutane, wato masu hawa kafaɗun juna hawa-hawa a ranar biki, biyu ne, masu shuɗiyar riga da masu rawaya, kuma tun zamanin kakanni ba sa ga maciji. A cikin ɗaya ake haifar mutum, a cikinta yake mutuwa. Akwai gidajen da ba sa sayen burodi a wani shago, don kawai mai shagon ya taɓa cewa hasumiyarsu ta karkace a ranar bikin gari. Yara kuwa abin da suka ji a gida shi suke kawowa makaranta. Tun da Magí ya kama aikin kula da ɗa'a da tsaron ɗalibai a wannan sakandare ta 'yan Katolika, a farkon shekarar karatu, mafi yawan abin da yake yi shi ne rabon faɗa tsakaninsu. In har ɓangarorin biyu suka ɓace tare, to, ma'ana ɗaya ce a wurinsa: an sa rana, an sa wuri.

Kuma sai yau, ranar da shugabar makarantar, Sista Roser, ta bar komai a hannunsa. Ta tafi coci wajen jana'izar Guillem, ɗalibinsu ɗan shuɗi da ya rasu bayan doguwar jinyar ciwon jini. Iyayensa sun roƙi a yi abin cikin dangi kaɗai, saboda haka aka hana ɗalibai fita, aka ce ranar Juma'a za a yi masa addu'a a ɗakin ibada na makaranta.

Magí mutum ne mai taka-tsantsan har ya yi yawa. Da safe sai ya taɓa kowace ƙofa ya tabbatar tana buɗewa, da yamma ya sake taɓa ta ya tabbatar ta rufu. Yara sun laƙaba masa suna Malam Kar-a-gudu, domin kullum yana tsaye a gindin matakala yana faɗin haka. Shekarar gwaji yake yi, kuma ya san cewa a ƙarshenta kwamitin makaranta zai zauna a kansa. Amma a wannan safiya shi da kansa ya sauko matakalar nan a guje, usur yana dukan ƙirjinsa.

Ya leƙa ban-ɗakuna, babu kowa. Ya zagaya bayan ɗakin ibada inda ake laɓewa a sha taba, babu kowa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne shirun. Faɗan yara yana da hayaniya, wannan kuwa tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke.

A filin baya ya same su, wurin da doguwar katangar makaranta ta raba daɓen siminti da titin da ya haura zuwa maƙabarta. Ya ja ya tsaya.

Ba faɗa suke yi ba. Sun tuɓe takalma sun jera a gindin katanga. Bibbiyu suke tsaye, wannan ya riƙe bakin doguwar baƙar ɗamara ya ja ta da ƙarfi, wancan yana jujjuyawa yana naɗe kansa a ciki har ƙugu ya ɗaure tamau. Wanda ya fi kusa da shi Bernat ne, ƙaton yaron nan ɗan rawaya, kuma wanda ke riƙe masa ɗamarar Ferran ne, ɗan shuɗi, aminin marigayin. Makon jiya ma sai da Magí ya shiga tsakanin su biyun a layin abinci, har ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari.

"Ja mana, kai!" in ji Bernat. "Haka kuke ɗaura ɗamara a wajenku? Shi ya sa kullum kuke zubowa kamar tumatir daga kwando."

"Rage tumbin tukuna. Ɗamarar ce ta kasa zagayo ka."

Sai suka hango shi. Kowa ya tsaya cak da abin da ke hannunsa.

"Me ke faruwa a nan?" in ji Magí. Ya san amsar, domin shi ma ɗan garin ne, ko da yake mahaifiyarsa ba ta taɓa barinsa ya shiga ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ba.

Ferran ya sako ɗamarar ya matso. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Malam, ba fita za mu yi ba. An ce kada mu fita, ba mu fita ba. Amma ta nan motar za ta bi da shi." Ya nuna katanga da haɓa. "Ginshiƙin makoki kawai za mu tayar. Hawa huɗu. Bernat a ƙasa, ni a kansa, Queralt a kaina, sai Tecla. In ta miƙe za ta zarce katangar, mamarsa za ta gani."

"Manyan ƙungiyarku ba su yi masa a ƙofar coci ba?"

"Sun yi. Wancan nasu ne. Mu fa? Da mu ya zauna a aji."

"To su waɗannan?" Magí ya dubi 'yan rawaya.

Bernat ya ɗaga kafaɗa. "Ba su da yawa, Malam. In muka bar su su kaɗai, kunyata garin za su yi." Ya sunkuyar da kai, muryarsa ta sauya. "Kuma ni nake zama a bayansa a ajin tarihi."

Magí ya dubi simintin da suke tsaye a kai. "Kun san dokar makarantar nan."

Sun sani, babu wanda bai sani ba. Shekarun baya wasu yara sun tayar da hasumiya a wannan fili lokacin hutun tara, ta rushe, wani ya bugu da simintin har ya shafe watanni a asibiti, kuma har yau yana ɗingishi. Tun daga ranar Sista Roser ta yanke hukunci: ɗalibin da ya hau kafaɗar wani a harabar nan kora ce, ma'aikacin da ya gani ya ƙyale kuma ya nemi wani aikin.

Wata 'yar ƙaramar yarinya 'yar ajin farko ta ratso tsakanin manyan, tana ɗaure igiyar hular kwano a ƙarƙashin haɓarta. Tecla ce, 'yar rawaya, wadda ko kafaɗar Bernat ba ta kai ba.

"Mamarki ta san da wannan?" ya tambaye ta.

"Ita ta sa mini hular a jaka."

"Don wannan ta sa, ko don atisayenku na yamma?"

Tecla ta dube shi ido cikin ido. Ba ta iya ƙarya ba tukuna.

Daga can tsakiyar gari ƙararrawar coci ta buga, bugun nan mai nauyi da ake jinkirtawa tsakaninsa da na gaba. An fito da gawa ke nan.

"Malam," in ji Ferran a hankali, "ba za mu yi maka taurin kai ba. In ka ce a'a, yanzu za mu sa takalmanmu mu koma aji. Maganar a bakinka take."

Da sun yi masa tsiwa da abin ya zo masa da sauƙi. Ya riga ya san yadda ake yi da tsiwa. Ya kai hannu ya damƙe usur ɗinsa. Kalma ɗaya ce, gajera, kuma ita ce aikin da aka ɗauke shi ya yi. In ya faɗe ta, yarinyar nan za ta koma gida da ƙasusuwanta cif, shi kuma ya tashi gobe da aikinsa. Ya buɗe baki.

Amma idonsa, wanda ya saba neman inda haɗari yake, ya riga ya tafi nasa aikin. Ya dubi inda za su tsaya, ya dubi yawansu. Tushen hasumiya mutane ne da ke matsuwa kewaye da na ƙasa, ƙirji a jikin baya, su tallafe shi, su kuma zama katifa ga wanda ya faɗo. Waɗannan ba su kai su yi zobe mai kauri ba. Ta ɓangaren matakalar ɗakin ibada ma, inda gefen siminti yake da kaifi, da ƙyar za a samu layi biyu. In Tecla ta sulluɓo ta nan, babu abin da zai tare ta sai daɓe.

"Kun yi kaɗan," ya ji bakinsa ya faɗa.

"Mu ke nan, Malam. Duk wanda ya iya yana nan."

"Tsayuwa a tushe ba ta bukatar iyawa." Ya saki usur ɗin. "Kada wanda ya ɗaga ƙafa daga ƙasa sai na dawo. Ferran, ka ji ni? Ko ɗaya."

Ya juya ya nufi barandar ofis. A jikin bango akwai makunnin ƙararrawar atisayen gobara, wadda shi kaɗai ke da makullinta. Tun zuwansa ya addabi makarantar da atisayen nan, har malamai suna gunaguni wai ya mayar da su sojoji. Ya tsaya gaban makunnin, ya yi tunanin kwamiti, ya yi tunanin fuskar mahaifiyarsa ranar da ya kawo mata labarin samun aikin nan, yadda ta kira duk 'yan'uwanta a waya. Ya yi alamar gicciye, ya murɗa makulli.

Abin da ya biyo baya ya ba shi mamaki, ko da yake shi ya koyar da shi. Ƙofofi suka buɗe a lokaci guda. Aji-aji suka sauko a jere, hannu a jikin ƙarfen matakala, babu gudu, babu ture-ture, suka malalo cikin filin baya kamar ruwa ya samu hanya. Ya kashe ƙararrawar ya bi su.

"Yau kuma?" Malama Pujals ta tare shi tana haki. "A irin wannan rana, Magí? Ina wutar?" Sai ta hango ɗamaru da ƙafafu marasa takalma, ta dafe ƙirji. "Kai, yaron nan, ka san abin da kake yi kuwa? Sista za ta..."

"Na sani, Malama. Ni na yi, ba ke ba."

Ya hau matakalar ɗakin ibada. Bai taɓa yi wa makarantar gaba ɗaya magana ba tare da takarda a hannu ba.

"Babu gobara," ya ce. "Yanzu za a wuce da Guillem ta bayan katangar nan. 'Yan'uwanku za su tayar masa da ginshiƙi. Ina son tushen ya cika filin nan, daga katanga har matakala, yadda ko tsinke aka jefa ba zai taɓa ƙasa ba. Wanda ba ya so, ya koma gefe, babu laifi. Ƙanana a waje, manya a ciki. A cire agogo, a cire tabarau, a cire 'yan kunne."

Babu wanda ya koma gefe. Yaran ƙungiyoyin biyu suka bazu suna jera mutane, wannan nan, wancan can, kama damtsen na gabanka, manna ƙirjinka, kada ka tura sai an ce. Malamin motsa jiki ya tuɓe rigar sanyi ya shiga. Mata biyu masu dafa abinci suka fito da ƙyallen aikinsu a ɗaure suka shiga. Malama Pujals ta tsaya tana ƙunƙuni, sannan ta zare tabarau ta soke shi a tukunyar fulawar da ke gaban gunkin Maryamu, ta kama bayan wani yaro da ta kayar a jarrabawa.

Magí ya so ya tsaya a kan matakala, inda zai ga komai. Wurinsa ke nan, mai kallo. Amma sai Queralt ta ƙwala masa kira.

"Malam, akwai rami a nan! Dogon mutum muke so."

Ramin kuwa ta ɓangaren da ya fi tsoro yake. Ya cire tabarau da usur ya ajiye a kan matakala, duniya ta zama hazo-hazo, ya shiga. Aka tura shi ciki, can kusa da tsakiya, har yana jin numfashin Bernat. Wani ya kama damatsansa ta baya. Ƙirjinsa ya manne da bayan wani yaro da ya taɓa tsarewa bayan tashi saboda makara.

"Kai a ƙasa, Malam," yaron ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Kwantar da shi a kafaɗata. Duk abin da ka ji, kada ka ɗaga. Wanda ya ɗaga kai shi wuyansa ke karyewa."

Magí ya kwantar da kuncinsa a kafaɗar yaron. Abin da yake iya gani bai wuce zaren wuyan riga ba, da wani ɗan tabo a bayan kunne.

Tushe ya rufe. Matsin ya zo daga ko'ina a lokaci guda, ba da ƙarfi ba, sai dai babu inda bai kai ba, har ya kasa tantance inda jikinsa ya ƙare da inda na wani ya fara. Warin zufa, da sabulu, da burodi mai tumatir da wani ya ci da safe. A ranar biki algaita ce ke gaya wa na ƙasa inda aka kai, amma ginshiƙin makoki ba a yi masa busa. Sai kunne da fata.

Wani tafin ƙafa mai nauyi ya sauka a kafaɗarsa ya wuce. Ferran ke nan. Bernat ya yi wani gurnani daga can cikin ƙirji, hannaye suka miƙe suka tallafe. Sai wata ƙafar, mai sauƙi, ta taka bayansa. Queralt.

"Daidai," muryar Ferran ta sauko daga sama, ƙasa-ƙasa. "Bernat, kana nan?"

"Ina zan je? Yi abin da ke gabanka."

Daga bayan katanga aka fara jin ƙarar motoci masu tafiya a hankali, da takun mutane a kan kwalta.

"Tecla. Hau."

Ƙafarta ta taɓa kafaɗar Magí kamar tsuntsu ya sauka ya tashi. Sanyin tafin kawai ya ji, da 'yan yatsu da suka ɗan kama rigarsa. Daga nan ta tafi inda ba shi da iko a kanta.

Duk jijiyar wuyansa tana ce masa ya ɗaga kai. Rayuwarsa gaba ɗaya a kan dubawa ya gina ta. Ya runtse ido, ya danna kuncinsa a kafaɗar yaron har ƙashi ya soke shi.

A nan ne ya ji abin da bai taɓa sanin akwai shi ba, duk da tun yana goye ake kai shi dandali kallon hasumiya. Hawan yarinyar yana saukowa ta cikin jikin mutane. In ta ɗora ƙafa a ɗamarar Ferran, wata 'yar girgiza ta biyo ƙafafun Ferran, ta shiga kafaɗun Bernat, ta bazu cikin hannaye, ta ratsa ƙirjin Magí, ta wuce ta bayansa zuwa ga wanda ke bayansa, har can bakin fili. Ta gefen hagu ginshiƙin ya ɗan rinjaya. Babu wanda ya yi magana, amma sai ya ji dukan taron ya amsa, matsin ya ƙaru daga hagu da kansa, daidai gwargwado, kamar jiki ɗaya ne ya gyara tsayuwa. Wa ya ba da umarnin? Ɗaruruwan yaran nan da kullum yake bi da usur don su tsaya a layi, ga su suna numfashi tare, su ja tare, su sake tare, kuma nasa numfashin ya bi sahu ba da saninsa ba.

Girgizar ta tsaya.

Nauyin ya zauna a tsakiya, miƙe sambal, kamar an kafa shi tun ran gini. Magí ya san ta kai. Ya san tana tsaye a kan kafaɗun Queralt, kuma ba za ta ɗaga hannu ba kamar yadda ake yi a ranar murna. Hannayenta za su kasance a sake a gefenta.

A bayan katanga birki ya yi ɗan kuka. Injin mota ya mutu, na bayansa ya mutu, na bayan wancan ma. Takun mutane ya ɗauke. Aka buɗe ƙofar mota, ba a rufe ba.

Shirun da ya sauka bai taɓa jin irinsa ba, ko a coci. Har kukan tsattsewa a can sama ana ji. Bai san tsawon lokacin ba. Ƙafafun Bernat sun fara kakkarwa, yana jin su a cinyarsa, kuma kafaɗar da ya kwantar da kai a kanta tana motsi a hankali, yaron kuka yake yi ba sauti. Magí ya buɗe baki zai yi addu'a, ya rasa me zai roƙa, a sauko da ita ko a bar ta.

"Sauko," in ji Ferran.

Saukowa ta fi hawa haɗari, kowa ya san haka. Girgizar ta dawo, ta fi ta farko. Magí ya ƙanƙame damatsan da ke hannunsa. Ta sulalo ta bayan Queralt, ta bayan Ferran, sai ga sanyin ƙafar nan a kafaɗarsa kuma, a wuri ɗaya da ɗazu. Ko da ya so ya faɗi, babu inda zai faɗi, mutane sun riƙe shi ta kowane gefe.

Babu wanda ya yi tafi. Tushe ya warware a hankali, kowa ya nemi takalmansa. A waje injuna suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka haura tudu. Magí ya lalubo tabarau ya sa. Abu na farko da ya gani shi ne Tecla a zaune a ƙasa tana fama da igiyar takalmi, hular kwano a gefenta. Na biyu kuma Ferran ne, ya kifa goshi a ƙirjin Bernat, shi kuwa ƙaton ya rasa yadda zai yi da hannayensa.

"A koma aji," in ji Magí. "Kar a gudu."

Bayan azahar Sista Roser ta aiko a kira shi. Ya same ta a tsaye gaban taga, ba ta ko cire mayafin fita ba, baƙin takalminta ya yi fari da ƙurar maƙabarta. Tsohuwa ce 'yar siririya, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba domin ba ta taɓa bukatar hakan ba.

"Kana ina lokacin da aka yi wannan abu?"

"Ina ƙarƙashinsa, Sista."

Ta juyo ta dube shi. Idonta ya tsaya a kafaɗar farar rigarsa. Bai duba ba, amma ya san abin da ke wurin: sawun ƙafafun yara.

"Wa ya kaɗa ƙararrawa?"

"Ni ne. Sun ce in na hana su za su bari, kuma na yarda da gaske suke. Ban hana su ba. Ina roƙon kada a kori kowa."

"Wa zan kora? Makarantar gaba ɗaya, har da masu dafa abinci?" Ta ja kujera ta zauna kamar wadda ƙafafunta suka gaji. "Ka bar ni da mutum ɗaya tak da zan iya hukuntawa. Ban sani ba ko da gangan ka yi."

"Ban yi tunanin haka ba, Sista. Simintin kawai nake tunani."

"Ni ma shi nake tunani. A kan cinyata kan yaron nan yake, wancan karon, har motar asibiti ta iso. Ban kafa dokar nan don ƙawa ba, Magí. 'Yar mutane ka bari aka ɗaga sama ba da sanin iyayenta ba. Da ta faɗo fa?"

"Da ta faɗo a kanmu."

"Wataƙila. Ranar Litinin kwamiti zai zauna. Zan gaya musu abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Za ka ƙarasa zangon nan. Bayan haka, kada ka sa rai."

"Na gane, Sista."

Ya yi tsammanin in ya ji wannan magana ƙasa za ta tsage da shi. Ya jira, ba ta tsage ba. Ya juya ya kama hannun ƙofa, sai ya tsaya. Wata tambaya ce ke cinsa tun safe, kuma a duk makarantar nan ita kaɗai ce ke da amsarta.

"Sista, don Allah... yaya yake? Ban gani ba."

Ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallonsa, kamar yau ta fara ganinsa.

"Ba ka gani ba," ta maimaita a hankali. Ta mayar da idonta ga taga. "Mu ma ba mu ga ginshiƙi ba. Katanga ta rufe ku duka. Muna tafe a bayan motar, kowa kansa a ƙasa, sai direban ya taka birki ba wanda ya ce masa. Muka ɗaga kai. Yarinya ce a tsaye a bisa katanga, ba a kanta ba, sama da ita, babu komai a ƙarƙashin ƙafafunta sai sarari. Hannayenta a sake. Iska tana kaɗa rigarta, ita kuwa ko gezau. Tun ina ƙarama nake kallon hasumiya, Magí, na ga masu hawa tara. Ban taɓa ganin wadda ba a ganin masu ɗauke da ita ba."

Ta shafa gicciyen da ke wuyanta.

"Uwar ta fito daga mota. Tun a coci ba ta zubar da hawaye ba, ba ta ce uffan ba. Ta tsaya a tsakiyar titi tana kallo, sannan ta kama hannuna ta ce, 'Su nawa ne a ƙasa?' Na ce ban sani ba." Tsohuwar ta dubi Magí. "Su nawa ne?"

"Dukansu ne, Sista."

Ta gyaɗa kai.

"Na gode, Sista," in ji Magí. Ya faɗe ta ne kamar wanda aka ba wani abu, ya ja ƙofar a hankali ya fita.